Fasinja Ɗaya Tak a Tasharmu

Ina gaishe ku 'yan uwana masu bibiyar wannan shafi, har da waɗanda yau suka faɗo cikinsa kamar an jefo su. Ku gyara zama. Abin da ya faru a falonmu ranar Asabar har yanzu yana nan tokare a ƙirjina, in ban amayar da shi a nan ba ban san inda zan kai shi ba.

Bari in fara da aikina saboda baƙi. Ni ce mai sanarwa a tashar jirgin ƙasa ta garinmu. Ku dakata, kada ku ce masha Allah tukuna. Tasha kam akwai ta, jirgin ne babu.

An gina ta lokacin da aljihun gwamnati ke cike. Gilashi ne tun daga ƙasa har sama, tayil fari ƙal kamar ka zuba abinci ka ci a kai, kujerun zaman jira jere reras, yawancinsu har yau ba a cire musu leda ba. Ana gama ɗaukarmu aiki sai tattalin arziki ya karye. Kuɗinmu ya faɗi warwas, kaya suka yi tashin gwauron zabi, gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Kamfanin da ke shimfiɗa layin dogo ya kwashe motocinsa ya yi gaba. Mu kuwa aka manta da mu a ciki, kamar cokali a tukunyar da aka sauke.

Duk da haka kullum da safe nakan goge yunifom ɗina: dogon siket shuɗi mai duhu, kwat mai maɓallan ruwan gwal, da ɗan farin mayafi da nake naɗawa in soke da fil. Manajanmu ya ce dole a riƙa gwada lasifika kullum kada ta yi tsatsa. Don haka sai in shiga ɗan akurkin ɗakina na gilashi, in jawo makirufo, in gyara murya.

"Fasinjoji masu tafiya, jirginku ya iso. A matso dandamali, a kula da yara, a kula da kaya."

Muryata takan zaga zauren nan ta dawo min kamar ta wata mace da ta fi ni kyau da kwanciyar hankali. Tattabarun da suka mayar da rufin gidansu su tashi fir. Ni kuwa sai in lumshe ido. Wallahi ina ganin su. Ina ganin tsohuwa da kwandonta tana jan jikanta, ina ganin ɗalibi yana gudu da takalmi a hannu, ina ganin wata tana share hawaye da gefen mayafi tana ɗaga wa wani hannu. Har ƙugin jirgin nake ji a tafin ƙafata. In na buɗe ido, sai Baba mai shara da tsintsiyarsa.

Wata safiya na buɗe ido na ga mutum. Dogo, siriri, da farar riga mai dogon hannu da ya naɗe zuwa gwiwar hannu, da tabarau. Ya miƙe daga kan kujera, ya rataya jakarsa, ya nufi dandamali da saurinsa kamar da gaske. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu. Sannan ya dawo ya ƙwanƙwasa gilashina.

"Malama, ni ne na makara ko jirgin ne?"

Na ce, "Ku duka biyun."

Dariyar da ya yi ita ta cuce ni. Tun daga ranar na sa masa suna Fasinja, haka yake a wayata har yau. Bai taɓa ɓoye min aikinsa ba. Ya ce a ma'aikatar kasafin kuɗi yake, an turo su duba gine-ginen gwamnati. Ni a wautata na ɗauka kujeru da fankoki suke ƙirgawa. Aikinsa a tashar ya ƙare, amma zuwansa bai ƙare ba. Yakan zo da shayi a filas, ya zauna a kujerar da ke kallon ɗakina, ya jira sanarwa. Daga nan muka koma waya, daga waya zuciya ta yi abin da ta saba, kun san ba ta da ƙashi.

Sai kuma Abbana. In ba ku san Abba ba, ba za ku gane nauyin abin da ke tafe ba. Tsohon hedimasta ne, kuma shugaban jam'iyya mai mulki a mazaɓarmu, shi ya sa kowa ke ce masa Shugaba. Bai taɓa cin ko kwabon siyasa ba, gidanmu shaida ne, damina ɗaya ba ta wucewa sai mun tara bokiti a tsakar falo. Shi ya bi gida-gida lokacin zaɓe yana ce wa mutane jirgi na zuwa, manomi zai kai tumatirinsa kasuwa kafin ya ruɓe, ɗalibi zai je makaranta ya dawo ya kwana a gaban uwarsa. Mutane suka yarda saboda shi ne ya faɗa. Yanzu in ya fita, matasan bakin titi sai su rage murya yadda dai zai ji, su ce, "Shugaba, a ajiye mana kujerar taga." Ba ya waiwayawa. Amma in ya shigo gida yakan daɗe yana wanke hannu a bakin famfo.

To, ranar Alhamis ina ninke ledar biskit ɗin da na yi kalaci da shi, sai waya ta yi ƙara.

"Kina da minti goma? Ina bakin dandamali."

Na rubuta, "Jirgi ya wuce, sai gobe."

"Yau ba wasa, Muryar Tasha. Ki fito."

Jibi ne fa zai zo gidanmu karo na farko ya gaida Abba. Na ce shi kenan, ya fasa. Na duba fuskata a gilashi, na ƙara hoda ba dalili, na fita.

La'asar ce sakaliya, irin wadda rana ke shafa wa komai ruwan zuma. Muka sauka kan layin dogo muka riƙa takawa a hankali, shi a ƙarfe ɗaya ni a ɗaya, ina buɗe hannu kada in faɗi. Ciyawa ta fito tsakanin duwatsun, har da wasu 'yan furanni ruwan ɗorawa, ga awakin unguwa suna kiwo abinsu. Can gaba kaɗan ƙarfen ya ƙare haka kawai a tsakiyar fili, kamar maganar da aka katse wa mutum. Nan muka tsaya.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Na lura in zai faɗi abu mai nauyi haka yake yi.

"Rahoton kwamitinmu ya kammala. Ni na rubuta ɓangaren tasharku."

"To masha Allah. Ka ce a kawo mana jirgi?"

"Na ce a rufe ta."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, ina jiran ya taya ni. Bai taya ni ba.

"Ki saurare ni," ya ce. "Fitilun zauren nan, da na'urar sanyaya ɗakunan da ba kowa, da gadi, da gyaran rufi, abin da suke ci a shekara zai riƙe wuta a ɓangaren haihuwa na babban asibiti ba ɗaukewa. Na juya lissafin ta kowace fuska ko zan samu wata ƙofa. Ban samu ba."

"Da albashina."

"Da albashinki."

Kun san abin da ya fi ba ni haushi? Ko ɗan kwana bai yi ba. Da wani ne sai ya ce ai manya ne suka matsa, ni ɗan aike ne. Shi kuwa ya tsaya yana kallona da idanun nan nasa masu kama da na wanda bai ƙoshi da barci ba.

"Rufewa ba rushewa ba ce," ya ce. "In arziki ya dawo..."

"Haka aka ce mana game da jirgin."

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Me ya sa sai yanzu? Ka san Umma ta wanke labule saboda kai?"

"Shi ya sa. Ba zan shiga gidanku da fuska biyu ba. Zan faɗa wa Abba da bakina."

Na ce, "Don girman Allah kada ka yi. Ka bari ya san ka tukuna, ka bari ya so ka. Mutumin nan tashar ce kaɗai ta rage masa da yake nunawa da yatsa."

"In ya so ni ranar Asabar, ya ji sunana a rediyo ranar Laraba fa? Ranar za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, ni zan kare rahoton."

Na juya na kama hanyar tasha ni kaɗai. Daga nesa gilashinta ya kama hasken yamma, duk ginin ya yi jajir kamar fitilar da aka kunna wa baƙon da ake jira. Ban taɓa ganin ta yi kyau irin na ranar ba, ko don an ce za a raba ni da ita ne, oho.

Da na isa gida na tarar Umma ta juya falo. An ja kujeru, an kakkaɓe kafet, an sauko da kofunan nan masu zanen fure da ba a taɓa shan komai da su ba tun da aka haife ni. Ku tuna fa, Umma ce da ke raba sabulu biyu da wuƙa ta ɓoye rabi, wadda ta kashe firiji tun da kuɗin wuta ya hau ta mayar da shi ma'ajiyar kwanuka. Yau ga ta ta kunna shi, yana ta gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci, ta jera lemon kwalba a ciki.

"Auta, zo ki riƙe min nan." Muka kama labule muna ratayawa. Ta rage murya. "Kin ga Abbanku? Tun da aka shiga wannan hali ban ga haƙoransa ba sai da kika ce yaron nan zai zo. Jiya har waƙa na ji yana yi a banɗaki. Ki riƙe shi da kyau, kin ji? Ma'aikacin gwamnati mai hankali, a wannan zamani, ba a tsintar sa a hanya."

"To, Umma."

"Mene ne kike wani to Umma kamar an aiko miki da rasuwa?"

"Kaina ke ciwo."

"Na zumuɗi ne, zai sauka."

Na so in faɗa wa Yayata. Ita nas ce, a babban asibitin take, mu biyu muke kwana ɗaki ɗaya. Amma Yaya ta dawo daga aiki ta faɗa kan katifa da farin yunifom ɗinta, ko takalmi ba ta cire ba. Ni na zare mata, na rufa mata zani. Maganar ta kwana a cikina, ta wuni, ta sake kwana. Saƙonsa na shigowa ina gani: "Kin ci abinci?" "Fushi ne?" "Ko alamar tambaya ce ki turo min, in san kina numfashi." Na tura masa alamar tambayar. Ita kaɗai.

Ranar Asabar na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin azurfa a wuya, na yafa mayafi mai shara-shara, na zizara kwalli, na fesa ragowar turaren da nake ta lallaɓawa tun bara. Garin sauri sai da na ɓata kwallin ido ɗaya na sake. Abba kuwa ya sa farar rigarsa ta zuwa taro, wadda Umma ta sa wa sitaci har tana ƙara in ya motsa.

Ya iso bayan azahar. Ya cire takalmi a ƙofa, ya durƙusa har ƙasa, Abba na cewa tashi, tashi, hau kujera, shi yana cewa nan ma ya isa. Ina laɓe a bayan labule da tire a hannu ina jin su. Ba a jima ba hira ta yi daɗi. Ashe mahaifinsa ma malamin makaranta ne. Abba ya yi ta ba shi labarin ɗalibansa da suka zama manya, har ya yi dariyar nan tasa mai tari a ƙarshe. Na shiga na ajiye tire, na tsiyaya lemo, na samu gefen kujerar Umma na raɓe. Na ɗan ɗaga ido na roƙe shi da kallo. Ya gani. Na san ya gani.

Sai Abba ya miƙe ya ciro hoton da ke jikin bango, na ranar da aka aza harsashin tashar. Yana can gefe a hoton, rabin fuskarsa ma kafaɗar wani ta rufe, amma ya fi kowa washe baki.

"Ka ga wannan? Ku da kuke ma'aikatar kuɗi, ku riƙa tuna musu. Abu ya kusa ƙarewa, ɗan ƙoƙari kaɗan ya rage."

Fasinja ya karɓi hoton da hannu biyu. Ya ajiye shi a hankali kan tebur. Ya cire tabarau.

Na ce a raina, innalillahi.

"Abba, akwai maganar da ya kamata ka ji daga bakina kafin ka ji a wani wuri."

Ya faɗa. Duka. Bai ƙara gishiri ba, bai rage ba. Ya ce baitulmali ba zai iya ƙarasa layin ba a shekarun nan, ya ce ginin na cin abin da marasa lafiya ke buƙata, ya ce shi ya rubuta, kuma ba wanda ya tilasta shi. Fankar sama na juyawa tana ƙiƙi-ƙiƙi. Umma ta dafe ƙirji, bakinta a buɗe, ta kalli kofunanta kamar ta kwashe su.

Abba bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

"Yaro, shekarunka nawa lokacin da aka fara yi wa garin nan alƙawarin jirgi?"

"Ba a haife ni ba, Abba."

"Ba a haife ka ba. Mu muka tsufa muna jira. Duk gwamnatin da ta zo sai ta ce ba kuɗi. Amma ban taɓa jin an ce ba kuɗin sabunta motocin manya ba. Ka taɓo su a rahoton naka?"

"Na taɓo, Abba. An cire shafin."

"An cire. Namu kuma an bari."

"An bari."

"To ka ga inda gizo ke saƙar. Wuƙarku kaifi ɗaya gare ta, ƙasa kawai take yanka. Yau ka rufe, gobe a sace tagogi, jibi a sayar wa wani mai ƙaton ciki ya mayar da ita wurin ajiye siminti. Ni na ga irinsa da idona."

"Zai iya faruwa, Abba. Ba zan yi maka rantsuwa a kan abin da ba ya hannuna ba. Amma abin da ke faruwa a asibitin ba gobe ba ne, yau ne."

Suka kafe juna da ido. Ni dai ban taɓa ganin mutum biyu masu gaskiya sun tsaya a kan gaɓa biyu irin haka ba, kuma duk su biyun nawa ne.

Sai Abba ya juyo gare ni.

"Auta. Kin san da wannan?"

Na ce, "Na sani, Abba. Tun shekaranjiya."

"Kika bar ni na sa farar riga."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi sauƙi. Hawaye suka zubo, kwallin da na sha wahalar zizarawa ya bi su.

Abba ya ɗauki kofinsa ya kurɓa, ya ajiye. Ya ce wa Fasinja, "Sha lemonka. A gidan nan ba a mayar da abin da aka zuba wa baƙo." Ya jira har sai da ya shanye. Sannan ya miƙe, ya kama hannunsa, ya raka shi da kansa har bakin ƙofa, muna biye kamar waɗanda aka ɗaure da zare.

"Kana da damar yin ƙarya ka ƙi yi, wannan na gani," in ji Abba. "Ban rufe maka ƙofata ba, ban kuma buɗe ba. Sai bayan Laraba. Amma tunda ka ba ni labari, bari ni ma in ba ka. Ma'aikatan tasha sun nemi wanda zai yi magana da yawunsu a wurin zaman, gaban kwamiti, gaban 'yan jarida. Manajansu ya kira ni da safen nan yana neman shawara, ban san batun rufewa ba ne, ban kuma san da kai za a kara ba. Na ba shi sunan wadda duk garin nan ba mai muryarta."

Ban gane ba sai da na ga duk sun zuba min ido.

"Ni, Abba?"

"Ke. 'Yata ce za ta kayar da kai, yaro."

Fasinja ya dube ni ta saman kafaɗar Abba. Ya yi ɗan murmushi. "In ita ce, Abba, a daina tausaya min tun yanzu."

Ya sa takalmi ya tafi. Abba ya juyo zai shige, sai muka ga Yaya tsaye a ƙofar ɗakinmu, da zanin barci, idanunta jajir. Ashe duk ta ji.

"Abba, ka gafarce ni," ta ce. "Ranar Talata wuta ta ɗauke mana, janareto ba mai. Bakwaini biyu ne a kwalbar ɗumama jarirai. Na ciro su na ɗaura a ƙirjina da zanin uwarsu, ina zagaye da su ko ɗumin jikina zai riƙe su. Ɗaya ta rayu." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Ban faɗa a gidan nan ba don na ga kuna farin ciki."

Firijin Umma na ta gurnani a kicin.

Yaya ta juyo ta kalle ni, ba da faɗa ba, da irin kallon da take min tun ina ƙarama in na ɓata mata abu.

"Tasha ta samu mai yi mata magana, Auta. To ni wa zai tsaya min?"